Ranar da na kunna kwamfuta babu ma'ajun

A hannun wani ɗan Filifin na sayi kwamfutar, ya gama kwantiraginsa a Jidda zai koma gida gaba ɗaya. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san irin wannan ciniki. Mutum ya samu huruj, wato bizar barin ƙasa, saura masa kwana goma, sai ya baza duk abin da ke ɗakinsa, tun daga firji har tabarmar bakin ƙofa, kuma ba ya jan magana a kan kuɗi. Bayan Isha'i muka je ni da ƙanena, ya kunna mana ita muka ga ta kawo hoto, na biya, muka kinkimo ta zuwa mota. Firosesar da ke ciki, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Ryzen 5 3600 ce ta kamfanin AMD, wadda ta fito a 2019, fankar da ke kanta kuwa ita ce dai wadda ake haɗo ta da ita a kwali, Wraith Stealth. Aikina haɗa bidiyon biki ne da na masu Umara da ke son a tura wa 'yan uwa a gida, don haka ta ishe ni har da saura.

Abu ɗaya ya hana ni sakat, ƙara. Makonni kaɗan ke nan da gama Hajjin 2024, shekarar da zafi ya kai digiri 51.8 a Haramin Makka. Jidda ba ta kai can ba, amma namu zafin da danshin teku yake zuwa, ka fito daga wanka kana gumi. Mukayyif ɗin ɗakina, wato na'urar sanyaya ɗaki, irin na taga ne, ya tsufa, iyakarsa ya rage wa mutum azaba. Da na ɗora wa kwamfutar aiki sai fanka ta ɗauki kuka kamar injin markaɗe. Na buɗe murfin gefe na haska da fitilar waya, sai ga ƙura ta yi bargo a tsakanin haƙoran ƙarfen da ke ƙarƙashin fankar, wato ƙarfen da ke zuƙe zafi daga firosesa, wanda masu gyara ke kira hitsink. Na ce gobe Juma'a ba aiki, zan cire shi in kakkaɓe shi tas.

Bayan sallar Asuba na kwantar da akwatin a kan tabarma. Kwamfutar ta kwana a kashe, sanyi ƙalau, kuma daga nan kuskurena na farko ya soma, ko da yake ban sani ba a lokacin. Na kwance sukurori huɗun da ke riƙe da fankar, na kama ta na ja sama. Ta ƙi. Na ƙara ƙarfi. Sai na ji ɓas, ta taho, na duba gurbin firosesa na ga wayam, ramuka kawai ke kallona, ga kuma ɗan sandan da ke kulle gurbin yana nan a kulle yadda yake. Na juya fankar a hannuna. Firosesar ce manne a gindinta, ƙafafunta na zinariya suna kallon silin.

Gabana ya yanke ya faɗi. Irin wannan firosesar, ta gurbin AM4, ƙafafu 1331 gare ta, sirara kamar gashin buroshi, kuma a jikinta suke, ba a jikin madabod ba, wato babban allon da ake dasa sassan kwamfuta a kansa. Tsohon man da ake shafawa tsakaninta da ƙarfen don zafi ya wuce ya bushe ya zama siminti, shi ya sa da na ja, ya fizgo ta daga cikin kulle. Daga baya na ji cewa wannan ya faru da mutane da yawa, kuma maganinsa ba wuya: ka kunna kwamfutar ta yi aiki na 'yan mintoci ta ɗumama, ka kashe, sannan bayan ka kwance sukurori ka murɗa fankar dama da hagu a hankali har ta saki, kafin ka ɗaga. Ni dai ilimin ya zo mini bayan an sha ruwa.

Na je na ƙwanƙwasa ƙofar ƙanwata na ce ta ara mini istishwar ɗinta na busar da gashi. Ta leƙo da ido ɗaya ta ce, "Yaya, gashin wa za ka busar da asubar nan?" Ban tanka ba. Na hura wa ƙarfen iska mai ɗumi na kamar minti biyu, na riƙe firosesar ta gefe-gefe da yatsu biyu, na murɗa a hankali, ta zame ta fita. Na kai ta bakin taga na karkata ta ina bin layukan ƙafafun da ido, layi bayan layi, kamar mai duba sahu. A can gefe guda biyu sun sunkuya. Na ɗauko fensirin ƙanena irin na latsawa, na zare bakin rubutun da ke ciki, na zura ƙafar farko a ramin bakinsa, na miƙar da ita kaɗan-kaɗan ina riƙe numfashi. Ta biyu ma haka. Ƙafar nan in ta lanƙwasa sau biyu ko uku karyewa take yi, shi ke nan kuma. Na ɗaga sandan kullen, na daidaita ɗan alamar kusurwa uku ta zinariya da ta jikin gurbin, na saki. Ta faɗa da kanta ba tare da na danna ba. Sai a lokacin na ji gumi yana bin bayana.

Saura gogewa. Inna tana da ciwon suga, kuma a cikin jakar na'urar gwajinta akwai 'yan ƙananan ƙyallayen nan masu alkohol da ake goge yatsa da su kafin a huda. Na ɗebi biyar. Nasu kashi 70 cikin 100 ne, masu gyara sun fi son na kashi 90 zuwa sama don ya fi saurin bushewa, amma wannan ma yana yi in ka ba shi lokaci ya sha iska. Tsohon man ya riƙa fita ɓarɓashi-ɓarɓashi, launin toka, kamar busasshen laka a ƙasan takalmi. Na goge saman firosesar har rubutun da ke jikinta ya fito sarai, na goge gindin ƙarfen har yana ɗaukar ido. Na wanke haƙoransa da buroshi, ƙura ta tashi har na yi atishawa.

Sai da komai ya yi fes sannan na tuna ba ni da sabon man da zan sa.

A nan muna kiransa ma'ajun, daga Larabci, ma'ajun harari, wato man zafi. Safiyar Juma'a ce, kuma a Jidda shagunan kwamfuta ba sa buɗewa ranar Juma'a sai bayan La'asar. Ina zaune na zuba wa kayan ido sai ga Kawu ya shigo da ledar burodin tamis da waken ful, kamar yadda ya saba duk Juma'a tun da rusau ɗin unguwannin kudancin Jidda na 2022 ya raba mana gidaje. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi kayan da ke baje a tabarma.

"Kai kuma me ka wargaza yau?"

Na yi masa bayani. Ya ce, "To ba ga ma'ajun can a banɗaki ba? Ma'ajun ai ma'ajun ne." Man goge baki yake nufi, don shi ma a Larabci ma'ajun ake ce masa. Na yi dariya na ce, "Haba Kawu, Allah ya ja kwana, wancan na haƙori ne." Ya ce shi a zamaninsa rediyo da talabijin sun yi shekara ashirin ba wanda ya shafa musu komai, duk dabarar 'yan kasuwa ce don a sayar wa mutum da abu a ɗan sirinji. Ya wuce falo ya bar ni da maganarsa.

Ban sa man goge baki ba, amma rabin maganar tasa ta zauna mini. Na ɗauki ƙarfen na duba gindinsa, sumul. Na dubi saman firosesar, sumul. Na ce a raina, ƙarfe da ƙarfe za su haɗu, ga sukurori huɗu masu sifirin za su matse su, me ya rage kuma da wani mai zai yi? Har na gaya wa kaina cewa man ma katanga ce tsakaninsu, in babu shi zafi zai fi wucewa kai tsaye. Gaskiyar magana kuma, akwai bidiyon walima da na yi alkawarin bayarwa ranar Asabar, kuma ban son jira. Na ɗora ƙarfen haka nan a bushe, na ɗaure.

Ta tashi lafiya. Na shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, na ga zafi digiri 58, yana hawa a hankali, alhali ba a sa ta aikin komai ba. Na ce wataƙila zafin gari ne. Na shiga Windows na buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin kowane sashe, na ga lambar tana yawo tsakanin 60 da 70. Sai na kunna Cinebench, wadda ke ɗora wa firosesa aiki iya ƙarfinta don gwaji. Kafin in gyara zama lambar ta haura 80, ta wuce 90, ta je 95 ta tsaya cak ta koma ja. Digiri 95 shi ne iyakar da AMD ta yanka wa wannan firosesar. Da ta kai nan sai ta fara rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, na ga lambar gudun tana zamewa ƙasa, ta bar 3.6 da aka san ta da shi a matsayin gudunta na tushe. Fanka kuwa ta fi jiya ihu.

Abin da ya buɗe mini ido ba lambar ba ce. Na sa yatsa na taɓa haƙoran ƙarfen a gefe, ina tsammanin zan janye da sauri. Ɗumi-ɗumi kawai na ji, kamar kofin shayin da aka manta. Na sa tafin hannu a inda iskar fanka ke fita, iskar ma kusan ta ɗaki ce. Ga firosesa tana dab da tafasa ruwa, ga ƙarfen da aka ɗaure a kanta don ya kwashe zafin yana zaune abinsa bai san ana yi ba. Zafin yana nan a tsare, bai tsallaka ba. Na kashe ta nan take, na tashi na yi shirin masallaci jikina a sanyaye.

Ya kamata in faɗi wannan don kada wani ya tsorata fiye da kima: firosesocin yanzu suna kare kansu, su rage gudu, in abin ya ƙi su kashe kwamfutar gaba ɗaya. Tsofaffin Athlon na wajen shekarar 2000, waɗanda ba su da murfi kuma ba su da wannan kariyar, su ne ke ƙonewa cikin daƙiƙoƙi in aka cire musu ƙarfe. Tawa ba ta lalace ba. Amma kwamfutar da ke zaune a digiri 95 tana jan ƙafa, ba kwamfutar aiki ba ce.

Bayan La'asar na hau mota zuwa titin Khalid bin Walid, inda shagunan kwamfuta suka yi jere. Akwai wani dattijo Bahaushe da ke da teburin gyara a can ƙuryar wani shago, kowa Muhandis yake ce masa. Haifaffen Makka ne, a Shara Mansur ya tashi, kakanninsa da ƙafa suka zo ta Sudan, Hausarsa kuma rabi da rabi ce da Larabci. Na gaishe shi, ya tambayi Inna da jiki, sannan na kwashe labari na gaya masa ban rage komai ba, har da na ƙafafun da suka lanƙwashe. Ya saurara yana kurɓar shayi. Da na zo kan cewa na ɗora ta a bushe sai ya ajiye kofin.

"Ya waladi, wa ya ce maka sumul ne?"

Na ce, "Baba, da idona na gani, har yana ƙyalli."

Ya jawo aljihun tebur ya fito da wata matacciyar firosesa da ƙaramar rula ta ƙarfe. Ya kafa kaifin rular a saman firosesar, ya ɗaga su saitin fitilar silin, ya ce in matso in duba. Na runtse ido ɗaya. A gefe biyu rular ta zauna daram, amma a tsakiya ga wani siririn zaren haske yana ratsowa ta ƙarƙashinta, bai kai kaurin gashi ba. Ya juya firosesar ya sake kafawa, hasken ya koma wani wuri. Ya ce wannan wanda ido ke iya gani ke nan. Ban da shi akwai ƙananan kwari da tuddai da injin kamfani ya bari a jikin kowane ƙarfe, ya sa farcena ya ja a gindin wata fanka, na ji ƙarar-ƙarar ɗin layukan. In ka haɗa ƙarfe biyu, a kan tuddan kawai suke taɓa juna. Duk sauran wurin iska ce kwance.

"Iska kuwa," in ji shi, "ita ce bargo. Ba ka ga soson da ake sa wa a bango don zafi? Iska yake tsarewa. Kai ka shimfiɗa wa firosesarka bargo, ka ɗora fanka a kan bargon."

Da daddare na nemi lambobin don in tabbatar wa kaina, kuma sun fi maganar Muhandis tsauri. A ma'aunin da ake auna yadda abu ke wuce da zafi, jan ƙarfe yana wajen 400, alminiyom ya ɗan haura 200, iska kuwa 0.026 take. Wato jan ƙarfe ya fi iska sau dubu 15 da wani abu. Ma'ajun na kasuwa yana tsakanin 1 da 10 ko sama kaɗan, gwargwadon irinsa da abin da kamfani ya rubuta. To ka ga ashe tunanina na safe yana da ƙamshin gaskiya ta gefe ɗaya: man bai kama ƙafar ƙarfe ba wajen wuce da zafi, ko kusa. Inda na ɓata shi ne, man ba gurbin ƙarfe yake shiga ba, gurbin iska yake shiga, kuma ya fi iska sau gommai har zuwa ɗaruruwa. Aikinsa ke nan kaf, ya kori iska daga ramukan. Ba ya sanyaya komai da kansa. Mai ne irin na silikon da aka cuɗa da gari mai laushi ƙwarai, galibi na sinadarin zink ko alminiyom ko kabon, don ya kwanta a inda ƙarfe bai kai ba.

Daga nan ne ma maganar yawa ta fito. Na tambayi Muhandis ko in shafe saman gaba ɗaya da kauri don kada a samu matsala. Ya girgiza kai ya ce, "Kwalli ake sa wa, ba lalle ba." In ya yi kauri, ka raba ƙarfen da ƙarfe ka cika tsakaninsu da abin da bai kai su ba. Ko da yake ya ƙara da cewa, tsakanin wanda ya zarce da wanda ya gaza, gara wanda ya zarce kaɗan, don sukurori za su matse rarar ta fito gefe, ƙazanta kawai za ta yi. Wanda ya gaza kuwa ya bar wa iska wuri.

Yaron shagon, da ya ji muna maganar, ya ɗauko wani ɗan kwali mai tsada ya ce wannan ruwan ƙarfe ne, ya fi kowane ma'ajun, lambarsa 73. Har na miƙa hannu. Muhandis ya ce, "Fankarka wace iri ce?" Na ce Wraith Stealth. Ya ce wa yaron ya mayar. Gindin wannan fankar alminiyom ne zalla, ruwan ƙarfen kuwa akwai sinadarin galiyom a ciki, wanda ke cin alminiyom ya mai da shi kamar biskit. Ga shi yana ɗaukar wutar lantarki, ɗigo ɗaya ya zuba a madabod an gama. Ya zaɓo mini Arctic MX-4 na giram 4, wanda ba ya ɗaukar wuta, ya ce zai yi mini sau da yawa. Kuɗinsa bai kai na cin abincin mutum biyu a gidan shinkafar buhari ba.

Kafin in tafi ya nuna mini wata sabuwar fanka mai hasumiya da aka kawo masa gyara a makon. Mai ita ya sa ma'ajun daidai, ya ɗaure daidai, amma zafi ya ƙi sauka. Da Muhandis ya cire sai ga ledar da kamfani ke mannawa a gindin ƙarfen tana nan ba a ɓare ba, da rubutun gargaɗinta da komai, an shafa man a kanta. Ya rataye ledar a jikin bango kusa da kalanda, wai don 'yan baya.

Na koma gida bayan Magariba. Wannan karon na bar kwamfutar ta ɗan ɗumama kafin in cire, ko da yake babu man da zai riƙe. Da na kwance sukuru na ƙarshe sai na ji wani abu ya faɗi ƙwal a bayan madabod. Farantin ƙarfen da sukurorin ke shiga cikinsa ne, don wannan fankar kai tsaye take ɗaurewa a jikinsa, in ka cire ta babu abin da ke riƙe da shi. Sai da na buɗe ɗaya murfin, ƙanena ya tallafe farantin da hannu ta baya. Na sake goge fuskokin biyu da ƙyallen Inna, na jira suka bushe, na matsa ɗigo ɗaya a tsakiya, kamar ƙwayar wake ƙarama. Na ɗora, na ɗaure sukuru na farko har ƙarshe, sannan na bi sauran.

Sai shakka ta kama ni. Ya bazu kuwa? Na kwance na ɗaga don in gani. To da ka ɗaga ka ɓata, don iska ta sake shiga, dole a goge a sake. Amma ban yi da-na-sani ba, saboda abin da na gani ya koya mini wani abu. Man ya gudu gefe ɗaya ya taru, ɗaya gefen kuma ko shafarsa bai yi ba. Sukurun da na fara ɗaurewa har ƙarshe shi ya karkata ƙarfen ya tura man waje guda. A wannan firosesar kuwa hakan ba ƙaramin abu ba ne, domin abin da ke haifar da yawancin zafin wani ɗan guntu ne a ƙarƙashin murfin, faɗinsa bai kai farcen ɗan yatsa ba, kuma ba a tsakiya yake zaune ba, ya karkata gefe. In gefen da ya bushe shi ne saitinsa, ka yi aikin banza.

Na goge karo na uku, ƙyallayen Inna saura ɗaya. Na sa ɗigon a tsakiya, na ƙara 'yan mitsi-mitsi huɗu wajen kusurwoyi. Na sauke ƙarfen a miƙe, ban ja shi ba. Sukurori kuma na bi su a gicciye: na sama ta hagu juyi biyu, na ƙasa ta dama juyi biyu, na sama ta dama, na ƙasa ta hagu, in sake zagayowa, har kowanne ya tsaya da kansa. Ba a yi musu ƙarfin tuwo, sifirin ɗin ne ke ƙayyade matsin. Na kunna, madabod ya tsaya yana ƙorafin bai ga fanka ba. Na manta ban mayar da wayarta a mazauninta ba. Ƙanena ya yi dariya har da riƙe ciki, na ce ya fita mini daga ɗaki.

A zaune ba aiki, lambar ta riƙa yawo tsakanin 43 da 50. Na saki Cinebench na minti goma ina kallo. Ta hau 70 da sauri, ta ja jiki zuwa 80, ta je 84 ta tsaya a nan har aka gama, gudun kuma yana wajen 3.9 bai zame ba. Digiri 84 ba sanyi ba ne, amma ga wannan ƙaramar fankar, a ɗakin da mukayyif ɗinsa ke fama da kansa a watan Yuli a Jidda, ban da ƙorafi. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, firosesa ma sai ta ƙara kusan irinsa, shi ya sa lambobin da mutanen Jamus ko Kanada ke nunawa ba su ne ma'auninmu ba. Na sake sa yatsa a haƙoran ƙarfen. Wannan karon da sauri na janye. Iskar da ke fita kuwa zafi gare ta kamar ta bakin tanda. Ban taɓa jin daɗin ƙona yatsa irin na ranar ba.

Tun daga lokacin abokai biyu sun tambaye ni ko dole ne su sayi ma'ajun in za su haɗa sabuwar kwamfuta. Amsar da nake ba su ita ce su juya fankar su duba gindinta tukuna. Fankar da ke zuwa a kwalin AMD ko Intel, da yawancin masu sanyaya da ruwa, kamfani ya riga ya shafa musu, za ka ga toka-toka a shimfiɗe. In akwai, kada ka taɓa shi da yatsa, kada ka ƙara wani a kai, ɗora kawai. In ƙarfe ne tsirara, to duba cikin kwalin, galibi akwai ɗan sirinji ko 'yar leda, kuma ka ɓare ledar gindin. Akwai kuma masu amfani da wani siririn faifai na girafayit a madadin mai, shi ma aikin korar iskar yake yi. Abin da babu shi dai shi ne a bar wurin haka nan. Kuma duk ranar da ka ɗaga fanka, ko don kakkaɓe ƙura ne, tsohon man ya tashi daga aiki, sai sabo. In ba ka ɗaga ba kuma zafi bai canza ba, ƙyale shi, mai kyau yana shekaru. Ni ƙura ce ta kai ni, kuma da na sani da iska kawai zan hura mata ba tare da na kwance komai ba.

Man goge bakin Kawu ma na bi bayansa. Da na sa shi da safen nan, da wataƙila ya fi bushewar da na yi, na yini ɗaya ko biyu, tun da shi ma zai cike ramuka ya kori iska. Matsalarsa ruwa ne a cikinsa. Zafi zai busar da shi ya tsattsage ya zama gari, iska ta dawo gidanta, ga kuma danshi kusa da kayan wuta. Ban gaya wa Kawu rabin farkon ba, don na san inda zai kai maganar.

Juma'ar da ta biyo ya shigo da tamis ɗinsa, a ɗaya hannun kuma da wata tsohuwar laftof a cikin ledar kanti. Ya ajiye ta a kan tabarmata ya ce tana kashe kanta da kanta in ya kalli wa'azi ya wuce rabin awa, kuma tana ƙona masa cinya.

"Ɗan sirinjin nan naka, da saura?"

Na ce da saura, Kawu. Na aiki ƙanena kantin magani ya sayo kwalin ƙyallen alkohol guda biyu, ɗaya nawa, ɗaya na biya Inna bashinta.